WALIYYI YOHANNA BOSKO, MALAMIN DA YA SAUKO FILIN WASA

Ranar 31 ga watan Janairu na kowace shekara Ikklisiya mai tsarki takan yi bikin tunawa da Waliyyi Yohanna Bosko, wanda duniya ta fi sani da Don Bosko. Kalmar Don laƙabi ce da mutanen Italiya ke kiran firistocinsu da ita, kamar yadda mu a nan muke cewa Fada. Da yawa daga cikinmu sun saba ganin sunan nan a jikin allon makarantu, ko su ji shi a bakin ƙungiyoyin matasa, amma kaɗan ne suka san wahalar da mutumin ya sha, da dalilin da ya sa malaman makaranta a ƙasashe da dama suke kallonsa kamar uba. Tun da yake babu wata majami'a a dayosis ɗinmu da ba ta da malaman makaranta, da katikis, da iyaye masu fama da tarbiyyar 'ya'ya, na ga ya kyautu, 'yan'uwana, mu duba rayuwarsa a wannan fitowa.

An haife shi ranar 16 ga Agusta, 1815, a wani ɗan ƙauye da ake kira Becchi, kusa da garin Castelnuovo, a yankin Piedmont da ke arewacin Italiya. Iyayensa manoma ne, talakawa. A shekarar ce yaƙe-yaƙen Napoleon suka ƙare, suka bar ƙasa a gajiye, sa'an nan yunwa ta biyo baya. Yohanna bai cika shekara biyu ba mahaifinsa Faransis ya rasu a 1817, ya bar wa matarsa Margarita yara maza uku da tsohuwar surukarta. Babbansu, Antoniyo, ɗan matar fari ce da ta rasu. Yusufu da Yohanna su ne na Margarita. Matar nan ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubutu ba, amma ta haddace katekisim, ita ce kuwa ta koya wa yaran addu'a da tsoron Allah. Masu rubuta tarihin gidan sun ce akwai tsumagiya a jingine a kusurwar ɗakinta, yaran kuma sun san tana nan, amma ba ta ɗaga ta a kansu.

Yana ɗan shekara tara ya yi wani mafarki wanda bai manta da shi ba har ya koma ga Allah. Ya ga kansa a wani fili cike da yara, waɗansu na dariya, waɗansu na faɗa, waɗansu na zagin sunan Allah. Sai ya faɗa cikinsu da naushi don ya rufe musu baki. Nan wani mutum mai kwarjini ya kira shi da sunansa, ya gaya masa cewa ba da duka zai jawo yaran nan ba, sai da tawali'u da ƙauna. Daga nan wata mace mai daraja ta kama hannunsa, ta nuna masa filin ya cika da namomin jeji, a gaban idonsa kuma suka rikiɗa suka zama 'yan raguna. Da gari ya waye ya ba da labari a gida. Antoniyo ya yi masa ba'a cewa shugaban 'yan fashi zai zama, kakarsu ta ce kada a kula da mafarki, uwarsa kaɗai ta yi tunanin ko firist zai zama.

Abin da yaron ya yi bayan haka shi ne ya fara nuna irin malamin da ke cikinsa. A ranakun kasuwa yakan je ya zuba ido ga masu wasan dabo da masu tafiya a kan igiya, ya dawo gida ya yi ta gwadawa yana faɗuwa, har ya ƙware. Ranar Lahadi sai ya ɗaura igiya tsakanin itatuwa biyu, yara da manya su taru. Ba ya karɓar kuɗin kallo. Ladansa shi ne a yi addu'ar rosari tare, sa'an nan a saurare shi ya maimaita wa'azin da ya ji a coci da safe. Tun a lokacin ya gane cewa wanda yake so yara su ji maganarsa, sai ya fara shigo musu ta ƙofar abin da suke so.

Hanyar karatu ba ta zo masa da sauƙi ba. Antoniyo yana ganin littafi a hannun ɗan manomi ragwanci ne kawai, rigima kuwa ta yi yawa a gida har Margarita ta tura Yohanna, yana ɗan shekara goma sha biyu ko kusa da haka, ya je aikin barance a gonar iyalin Moglia. A 1829 ya haɗu da wani tsohon firist, Fada Calosso, a kan hanyar dawowa daga wa'azi. Tsohon ya tambaye shi abin da ya fahimta, yaron ya karanto masa wa'azin da ka. Fada Calosso ya ɗauke shi yana koya masa Latin, ya zama masa uba, amma shekara guda kawai suka yi tare, mutuwa ta raba su a Nuwamba 1830. A 1831 ya tafi garin Chieri, yana da shekara 16, aka sa shi aji ɗaya da ƙananan yara, ga shi zabgege a cikinsu. Cikin shekara guda ya haye aji uku. Don ya biya kuɗin makaranta da na abinci ya taɓa ɗinki, da ƙira, da sassaƙa, da gyaran takalma, ya yi aiki a gidan shan kofi inda yake kwana a wani lungu a ƙarƙashin matakala. A nan Chieri ya haɗa abokansa cikin wata ƙungiya da suka kira Ƙungiyar Fara'a, dokokinta kuwa biyu ne kacal: a guji magana ko aikin da bai dace da Kirista ba, a kuma cika aikin makaranta da na ibada yadda ya kamata.

Akwai wani abu da ya daɗe yana ci masa rai, shi da kansa ya rubuta shi a littafin tunawa da ya bari. Yana yaro, in ya gamu da firist a hanya yakan gaishe shi da murna, firist ya amsa da ladabi ya wuce abinsa, ba tare da ya tsaya ya yi masa magana ba. Da ya shiga seminari a Chieri a 1835 ya tarar da haka: shugabanni mutanen kirki ne, masu ilimi, amma suna nesa da ɗalibai, in ɗayansu ya ratso fili sai kowa ya watse. Duk wanda ya yi zaman seminari zai gane abin da yake nufi, mu firistoci kuma bai kamata mu karanta wannan wurin da gaggawa ba. Yohanna ya ƙudura a ransa cewa in Allah ya kai shi, shi ba zai jira yara su zo gare shi ba.

An naɗa shi firist a birnin Turin ranar 5 ga Yuni, 1841. Ya zauna a birnin don ƙarin horo a hannun Fada Yusufu Cafasso, wanda shi ma yanzu waliyyi ne, mai hidimar fursunoni da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Turin na bunƙasa a lokacin, ana gine-gine ko'ina, yara kuma na kwararowa daga ƙauyukan duwatsu kamar 'yan ci-rani, suna aikin lebura wa magina, suna share bututun hayaƙi, suna kwana inda dare ya same su. Fada Cafasso ya shiga da shi gidajen kurkuku. Abin da ya gani a can ya girgiza shi: samari 'yan shekara 12 zuwa 18, lafiyayyu, masu kaifin hankali, zaune ba aikin yi, ƙwarƙwata na cinsu. Ya lura da yawansu sukan fita da niyyar gyara hali, ba da jimawa ba a sake kawo su, domin babu kowa a waje da ya damu da su. Ya tambayi kansa ko da yaran nan suna da aboki guda a waje mai neman lafiyarsu, da sun dawo nan.

Ranar 8 ga Disamba, 1841, ranar idin Budurwa Maryamu wadda aka yi cikinta ba tare da zunubi ba, yana sa tufafin Misa a cocin Waliyyi Faransis na Asisi, sai ya ji hayaniya. Mai kula da ɗakin tufafi ne yake dukan wani yaro da sandar share ƙura, don ya shigo ya tsaya alhali bai iya taimakon firist a bagade ba. Don Bosko ya tsawata wa mutumin, ya ce yaron abokinsa ne, ya sa a kira shi ya dawo. Bayan Misa ya zaunar da shi ya tambayi sunansa. Bartolomeo Garelli ne, ɗan garin Asti, shekara 16, lebura, uwa da uba sun rasu. Bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba, bai taɓa karɓar Jikin Kristi ba, ba ya kuma zuwa katekisim domin ƙananan yara sun fi shi sani, suna yi masa dariya. Ana ba da labari cewa da firist ya ga kowace tambaya amsarta a'a ce, kan yaron kuma na ƙara sunkuyawa, sai ya tambaye shi ko ya iya fito. Yaron ya yi dariya, don wannan kam ya iya. Daga nan suka durƙusa suka yi addu'ar A Gaishe Ki Maryamu, aka fara darasi na farko da alamar gicciye. Lahadin da ta biyo ya dawo da abokansa.

A ganina dukan hikimar Don Bosko tana cikin wannan ɗan zama. Malami da yawa da sun fara da lissafa wa yaron abin da bai sani ba. Shi kuwa ya yi ta nema har ya sami abu guda da yaron ya iya, ya tsaya a kansa, ya fara gini daga nan.

Taron nan na ranar Lahadi ya kira shi Oratori, wato wurin addu'a, ko da yake maƙwabta sun fi jin ihu da guje-guje fiye da addu'a. Yara suka ƙaru har suka kai ɗaruruwa, aka kuwa yi ta korarsu daga wuri zuwa wuri: daga harabar gidan kula da 'yan mata zuwa cocin wata maƙabarta, daga can zuwa wurin injinan niƙa, daga can zuwa wani fili da aka ba su haya, har masu filin suka ce sawun yaran ya kashe musu ciyawa. Hukumar birni na zarginsa da tara 'yan tawaye. Wata attajira mai yawan alheri, Uwargida Barolo, wadda yake yi wa aiki a gidan kula da 'yan mata, ta ce ya zaɓa tsakanin albashinta da yaran titi. Ya zaɓi yaran, ya rasa albashi da ɗakin kwana. Waɗansu 'yan'uwansa firistoci, da suka ji yana maganar makarantu da coci da ɗakunan sana'a alhali ba shi da ko sisi, suka tabbata ya taɓu. Biyu daga cikinsu suka zo da keken doki don su kai shi asibitin mahaukata da dabara. Ya gane nufinsu, ya girmama su ya ce su fara shiga, ya rufe ƙofa, ya ce wa mai tuƙi ya zarce asibitin da sauri. Daga ranar ba wanda ya sake tayar da maganar.

Ranar Ista, 12 ga Afrilu, 1846, suka sami wurin zama na dindindin: wata rumfa a jikin gidan wani mutum mai suna Pinardi, a unguwar Valdocco da ke gefen birni. Rufinta ya yi ƙasa har sai da aka haƙe daɓen kafin babba ya iya tsayawa a ciki. A damina ta shekarar ciwon huhu ya kwantar da shi har aka fid da rai, yaran suka yi ta azumi da addu'a, waɗansu lebura suna aiki a kan gini da yunwa saboda shi. Da ya warke ya koma ƙauye ya roƙi uwarsa ta biyo shi. Ranar 3 ga Nuwamba, 1846, suka iso Valdocco da ƙafa. Margarita, wadda ta kusa shekara sittin, ta bar jikokinta da 'yar gonarta, ta sayar da zobenta na aure, ta yanka kayan aurenta aka yi tufafin bagade. Shekara goma ta yi tana dafa wa yaran abinci, tana yi musu ɗinkin tsumma da dare, har ta rasu a 1856. A watan Mayu na 1847 wani maraya daga kwarin Valsesia ya buga ƙofa da dare cikin ruwan sama. Ta shanya masa tufafi, ta ba shi abinci, ta yi masa shimfiɗa a ɗakin girki, kafin ya kwanta kuma ta yi masa 'yar nasiha. Daga nan al'adar gajeriyar maganar dare ta samo asali, wadda har yau ake yi a gidajen 'ya'yan Don Bosko kafin yara su kwanta.

Yanzu bari mu duba yadda yake koyarwa, domin nan ne zancen yake. Yaransa ma'aikata ne, ba su da lokaci da rana, sai ya buɗe musu ajin dare da na Lahadi. Ba shi da kuɗin ɗaukar malamai, sai ya zaɓi manyan yara masu ƙoƙari, ya koya musu kyauta, su kuma su koya wa na bayansu. Da gwamnati ta sa doka cewa daga 1850 za a bar tsofaffin ma'aunai a koma mita da lita da kilo, ya ga za a riƙa cutar talakawa a kasuwa. Ya rubuta ɗan littafi mai sauƙi a kan sabon awo, sa'an nan a 1849 ya shirya wasan kwaikwayo a kai, yaran da kansu suka hau dandali suna ciniki, suna awo, suna gardama, 'yan kallo na dariya, darasi kuma na shiga. Ya rubuta tarihin Ikklisiya da tarihin Littafi Mai Tsarki domin yara, kafin ya kai rubutu wurin bugawa kuwa yakan karanta wa uwarsa, wadda ba ta yi makaranta ba. Wata rana ya kira Waliyyi Bitrus da wata babbar kalma mai ma'anar mai riƙe da mabuɗai, tsohuwar ta ɗauka sunan wani gari ne. Ya soke kalmar, ya sa wadda kowa ya sani. Ina fata mu masu wa'azi mu ma muna da irin wannan tsohuwa a gida.

Bai tsaya a aji ba. Yakan bi yaransa wuraren aikinsu a cikin mako, ya gaisa da iyayen gidansu, ya ga yadda ake riƙe su. Har yau ana ajiye da wata takardar yarjejeniya ta ranar 8 ga Fabrairu, 1852, wadda ya sa wa hannu tare da wani kafinta da yaron da zai koyi sana'a a wurinsa. A ciki an rubuta cewa maigida zai koya wa yaron sana'ar sosai, ba zai mai da shi ɗan aike ba, zai gyara shi da baki ban da duka, zai bar shi ya huta ranar Lahadi da ranakun idi, ladansa kuma zai riƙa ƙaruwa. Da ya ga hakan bai isa ba, ya buɗe ɗakunan sana'a a Valdocco: dukanci da ɗinki a 1853, ɗaurin littattafai a 1854, kafinta a 1856, daga baya ɗab'i da ƙira. Malamin dukanci na farko shi ne da kansa, ya zauna a kan benci da guduma. Sana'o'in da talauci ya tilasta masa koya a Chieri ashe tanadi ne.

Sai a 1877, lokacin buɗe gidansu na birnin Nice a Faransa, ya rubuta 'yan shafuka a kan hanyarsa, ya kira ta tsarin riga-kafi. Ya ce hanyar tarbiyya iri biyu ce. Ta farko, a sanar da doka, shugaba ya ja da baya ya ɗaure fuska, ya jira a karya dokar ya yi hukunci. Ya yarda wannan ta fi sauƙi ga malami, tana iya hana tarzoma, amma ba ta gyara zuciya, yaro kuma ba ya manta dukan da aka yi masa ko ya tsufa. Ta biyu, a bayyana wa yaro doka da dalilinta, sa'an nan malami ya zauna tare da shi kamar uba ko wa, a aji da filin wasa da wurin cin abinci, ya tuna masa kafin ya yi kuskure, domin yawancin laifin yara mantuwa ce da rawar kai, ba mugunta ba. Ya kafa tsarin a kan duwatsun murhu uku: hankali, da addini, da ƙauna mai taushi wadda yaro zai gani da idonsa. Ya hana duka kowane iri, da jan kunne, da sa yaro durƙuso mai ciwo. Ya ce kada a kunyata yaro a gaban 'yan'uwansa, a ja shi gefe, a kuma jira har fushin malami ya huce. A wurin yaron da ya san ana ƙaunarsa, in malami ya hana shi murmushin da ya saba samu, wannan ma horo ne mai isa. Ya ce a bar yara su yi tsalle, su yi gudu, su yi ihu iyakar son ransu. Shi ya sa gidansa bai rabu da 'yan badujala, da wasan kwaikwayo, da doguwar tafiya zuwa ƙauyuka lokacin kaka ba. Shi kansa yakan yi tsere da yara, a tsakiyar wasa kuma ya matso kusa da ɗaya ya raɗa masa kalma guda a kunne, wadda ta shafe shi shi kaɗai.

Na san abin da waɗansu malamai da iyaye za su ce, domin na sha jinsa: yaran yanzu ba sa ji sai da bulala. Ni ma a ƙarƙashinta na koyi jadawalin sau, a wata makarantar firamare inda malaminmu ba ya shiga aji sai da dorina a hammata. Mun haddace jadawalin kam. Amma ina tuna yara biyu a ajinmu, waɗanda ba su fi mu daƙiƙanci ba, da suka daina zuwa saboda tsoro, ba su kuma sake komawa wata makaranta ba. Ba wanda ya lissafa su cikin sakamakon dorinar. Kada kuma a ɗauka Don Bosko sakaci yake koyarwa. Yaron da ya nace da lalata 'yan'uwansa yakan sallame shi. Furta zunubi da karɓar Jikin Kristi su ne ginshiƙan gidansa, ko da yake ya hana a tilasta wa yaro zuwa gare su. Tsarinsa ya fi bulala wuya nesa, domin mai bulala yana iya zama a ofis, mai riga-kafi kuwa ba shi da hutu.

Labarin Mika'ilu Magone ya nuna yadda abin ke aiki. A kakar 1857 Don Bosko na jiran jirgin ƙasa a tashar Carmagnola, sai ya ji gungun yara na wasa cikin hazo, murya guda na ba da umarni. Ya shiga tsakiyarsu, duka suka gudu sai mai muryar, wani yaro maraya, wanda aka kora daga makaranta, ya tsaya yana tambayar wane ne ya katse musu wasa. Don Bosko ya kawo shi Valdocco, ya haɗa shi da wani yaro natsattse ya zama abokinsa, bai matsa masa da wa'azi ba, ya bar shi ya yi ta mulkin filin wasa. Bayan kamar wata guda yaron ya daina dariya da kansa, domin ya ga abokansa na da wata salama da shi ba shi da ita. A lokacin ne firist ya kira shi, ya buɗe masa hanyar furta zunubi. Magone ya rasu a Janairu 1859, Don Bosko ya rubuta tarihinsa, kamar yadda ya rubuta na Dominik Savio, wanda ya zo gidan a 1854, ya rasu a 1857 yana da shekara 14, aka kuma sa shi cikin waliyyai a 1954. Haka nan a annobar kwalara ta 1854, da mutane ke gudun 'yan'uwansu, ya nemi masu sa kai cikin manyan yaransa su yi jinyar marasa lafiya. Yaran da birni ke kira 'yan iska suka fita aikin, ba kuwa wanda ya kamu a cikinsu.

Daga cikin yaran nan ne ya sami magada. Ranar 18 ga Disamba, 1859, ya kafa ƙungiyar da ake kira Salesiyan, da sunan Waliyyi Faransis na Sales, bishop ɗin da ya shahara da sanyin hali. Zaɓen sunan ba banza ba ne, gama shi Don Bosko mai zafin zuciya ne a halittarsa, yaron da ya faɗa wa 'yan'uwansa da naushi a mafarki bai mutu a cikinsa ba, danne shi ya yi ta yi. Mika'ilu Rua, wanda ya gaje shi, da Yohanna Cagliero, wanda ya jagoranci 'yan mishan na farko zuwa Ajantina a 1875, ya kuma zama kadinal daga baya, duka a filin Valdocco suka yi wasa. A 1872, tare da Maryamu Mazzarello, ya kafa ƙungiyar sistoci domin 'yan mata. Bai rasa tsanani daga cikin gida ba. Shekara kusan goma ya yi cikin saɓani da Babban Bishop na Turin, Gastaldi, wanda yake ganin ana jefa matasan Salesiyan cikin aikin koyarwa tun horonsu bai nuna ba. Maganar bishop ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. A 1882 Paparoma Leo na 13 ya sa a sulhunta, aka nemi Don Bosko ya rubuta takardar neman gafara, ya kuwa rubuta.

Abin da ya fi ba ni tausayi a tarihinsa shi ne wasiƙar da ya aika daga Roma ranar 10 ga Mayu, 1884, yana tsoho, idanunsa sun raunana. Gidajensa sun yawaita, makarantu sun cika, suna ya kai ko'ina. Amma ya gaya wa 'ya'yansa cewa ya yi mafarki, tsofaffin ɗalibansa biyu sun nuna masa filin wasa na da da na yanzu. A na da, malamai na tsakiyar yara, ana gudu ana waƙa. A na yanzu, yara na tsaye a lungu-lungu suna raɗa, malamai kuma na yawo su kaɗai suna hira da juna, ko suna leƙe daga nesa kamar 'yan gadi. Ya yarda malaman na wahala saboda yaran dare da rana, amma ya ce hakan bai isa ba, sai yaran sun san ana ƙaunarsu, ba kuwa za su sani ba sai malami ya so abin da suke so, sa'an nan su ma za su so abin da malami ke so, wato karatu da ladabi. Ashe tun yana da rai, a cikin gidansa na Valdocco, nisan da ya yi kuka da shi a seminarin Chieri ya fara dawowa.

A watan Mayu na 1887 ya yi Misa a sabon cocin Zuciyar Yesu Mai Tsarki a Roma, wanda ya gina bisa roƙon Paparoma da kuɗin da ya yi bara har Faransa da Sifen. Ya yi ta tsayawa yana kuka a bagade. Da aka tambaye shi daga baya ya ce mafarkinsa na shekara tara ne ya dawo masa. Ya rasu da asubar 31 ga Janairu, 1888, yana da shekara 72, ya bar Salesiyan fiye da 700. Paparoma Pius na 11, wanda ya taɓa sauka a gidansa yana matashin firist, shi ya sa shi cikin waliyyai ranar Ista, 1 ga Afrilu, 1934. A 1988, da ya cika shekara ɗari da rasuwa, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya rubuta wasiƙa a kansa, daga baya kuma ya ba shi laƙabin Uba da Malamin Matasa. 'Ya'yansa sun iso Nijeriya a 1982, suka fara aiki a Akure da Ondo da Onica. Gawarsa tana kwance a babban cocin Maryamu Mataimakiyar Kirista da ya gina a Valdocco, 'yan taku kaɗan daga inda rumfar Pinardi take.